Kunya da kara a ƙarƙashin teku: muhawara kan nutso da tukunyar iska

Baban Hanif (Alƙahira):
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tun da na sa hotunan nutson da na yi a Dahab, wani gari a gaɓar Bahar Maliya, mutane ke bi na ta bayan fage da tambayoyi, wasu ɗalibai ne da muke tare a nan Masar, wasu kuma masu niyyar zuwa hutu. Gara in amsa a fili kowa ya amfana, waɗanda suka fi ni sani kuma su gyara mini.

Nutson da muke magana a kai shi ne wanda mutum ke goya tukunyar iska, ya sa bakin bututu a bakinsa yana shaƙa, ya yi minti 40 ko 50 a ƙarƙashin teku yana kallon kifaye da murjani. Shaƙatawa ce kawai. Ba a ba ka kaya a sake ka sai ka yi kwas na kwana 3 zuwa 4 ka karɓi shaida. A tsarin PADI, ƙungiyar da ke tsara horon masu nutso, wanda galibin makarantun Dahab da Sharm el-Sheikh ke bi, shaidar farko iyakarta zurfin mita 18, ta biyu mita 30. Mita 40 ita ce ƙarshen nutson shaƙatawa, abin da ya wuce nan wani fanni ne mai horonsa da kayansa.

Wannan duk malamin nutso zai gaya muku. Abin da ba lalle ya gane ba, don shi ba Bahaushe ba ne, shi ne kunya da karar da aka rene mu a kai su suka fi jefa mutanenmu cikin haɗari a ruwa. Mun taso ana koya mana kada ka nuna gazawa a gaban mutane, kada ka zama kai ka katse wa jama'a tafiya, kada ka musa wa babba. A tudu wannan tarbiyya ce, amma a zurfin mita 20 tana iya zama ajalin mutum. Dokar masu nutso ita ce kowa na da ikon ya fasa a kowane lokaci, a cikin jirgi ko a ƙarƙashin ruwa, kuma ba mai tuhumarsa dalili. Ka ɗaga babban yatsa sama, ma'anarsa mu hau, magana ta ƙare. A lura, a ruwa babban yatsa ba ya nufin lafiya lau, lafiya lau sai ka haɗa babban yatsa da manuniya su yi zobe.

Na ga abin da idona a Ras Mohammed, wani wurin nutso kusa da Sharm el-Sheikh. Wani yaro ne ɗan ƙasarmu, sabon hannu, muna rukuni ɗaya. Ana cika tukunya zuwa bar 200 (bar ma'aunin matsin iska ne), an kuma gaya wa kowa tun a jirgi cewa in geji ya kai 100 a sanar da jagora, kuma dole a fito saman ruwa da saura 50. Sabon hannu iskarsa kan ƙare da wuri don fargaba na sa shi haki, kowa ya san haka. Jagora ya juyo ya tambayi kowa da hannu, yaron ya yi masa zobe. Ba a daɗe ba sai na hango shi yana harba ƙafa da ƙarfi, idanu sun firfito a cikin gilashin fuska, ya nufi jagoran ya fizge bututun da ke bakinsa. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Allah ya sa jagoran gogagge ne, bai yi kokawa da shi ba. Ya laluba ya ɗauki bututunsa na biyu, wanda ake yi wa launin ruwan ɗorawa don a gan shi da sauri, ya damƙi rigar yaron da hannu ɗaya don kada ya harba sama, suka hau a hankali. Da muka koma jirgi na ja shi gefe. Ya ce tun tuni ya ga allura ta shiga ja, amma akwai wasu dattijan mata Turawa biyu a rukunin da ko alamar gajiya ba su yi ba, ya ji nauyin a ce shi namiji shi ya fara neman a fita.

Ɗan Birni (Kano):
Yaya, Allah ya tsare gaba. Amma ina ganin ka ɗora wa kunya laifin da ba nata ba. Yaron nan tsoron ruwa ne da shi kawai. Mu da muka tashi muna iyo a Tiga ba za mu ruɗe a mita 18 ba. Ina nan tafe Masar bayan Sallah in sha Allahu, kuma burina in ratsa ƙofar nan ta Blue Hole da nake gani a YouTube.

Basarke (Yauri):
Ni ma da magana. Mu Sarkawa ruwa gidanmu ne. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, in taru ya maƙale a ƙasan kogi numfashi ɗaya yake ja ya nutse ya warware shi ya fito, babu tukunya babu takarda, ga ruwan jawur ba ka ganin tafin hannunka. Ban raina iliminku ba, amma ina mamakin a ce sai an biya kuɗi an kwashe kwana huɗu ana koya wa mutum shiga ruwa. In aka ba irinmu tukunyar nan ban ga abin da za a koya mana ba.

Dakta Maman Amira (Jidda):
Malam Basarke, Allah ya ji ƙan Baba. Don Allah ka ba ni aron kunnenka, domin abin da ka faɗa shi ne ainihin abin da ke cutar da gwanayen ruwa in suka goya tukunya. Ni likita ce, kuma ina nutso a nan gaɓar Jidda.

Duk mita 10 da ka sauka a teku, ruwa na ƙara danne ka da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a tudu. A mita 10 matsin ya ninka biyu, a mita 20 uku, a mita 30 huɗu. Shi Baba da ya ja numfashi a sama ya nutse, iskar huhunsa takurewa take yi yana sauka, in ya hauro ta koma daidai yadda ya shaƙe ta, ba ta wuce nan. Mai tukunya kuwa a can ƙasa yake cika huhunsa da iska mai matsi. In ya cika huhu a mita 10, ya riƙe numfashi ya hau, kafin ya kai sama iskar ta ninka girmanta biyu, huhu kuma ba shi da wurin ajiye ta. Sai ya yage, kumfar iska ta shiga jini, in ta kai ƙwaƙwalwa ta yi ɓarna irin ta shanyewar ɓarin jiki cikin 'yan mintuna. Ko daga zurfin mita 2 wannan na iya faruwa. Shi ya sa dokar farko ita ce kada ka taɓa riƙe numfashi. To wanda tun yarinta jikinsa ya saba da toshe numfashi da zarar ruwa ya taɓa fuskarsa, sai an zauna an raba shi da wannan sabon tukuna.

Sannan abin da ke cikin tukunyar ba oksijin irin na asibiti ba ne kamar yadda mutane ke zato. Iskar da muke shaƙa ce aka tace aka matse, kashi 21 cikin 100 oksijin, kusan duk sauran naitirojin. A ƙarƙashin matsi naitirojin na narkewa cikin jini da tsoka gwargwadon zurfi da daɗewa. In ka hau a hankali yana fita ta numfashi ba ka ma sani ba. In ka hau da gaggawa sai ya tashi kumfa a jiki, kamar an girgiza kwalbar lemo an buɗe. Don haka ake da jadawali: a na PADI, a mita 18 ba ka wuce minti 56, a mita 30 minti 20 kacal, sannan a tsaya a mita 5 na minti 3 kafin a fito. Yanzu kusan kowa na ɗaura ƙaramar kwamfuta a tsintsiyar hannu tana yi masa lissafin.

Basarke (Yauri):
To Dakta, wannan kam ban taɓa ji ba. Na karɓa. Kuma bari in ƙarfafa maganar Baban Hanif ta wani gefen. A wurinmu babu kunya tsakanin mutum da ruwa. Na sha ganin dattijo ya zo bakin kogi, ya dubi yadda ruwa ke murɗawa, ya ce yau ba zan shiga ba, ya saɓa komarsa ya koma gida, kuma ba mai ce masa matsoraci. Yaran gari masu zuwa wanka su ne ke zuga juna, kuma su muke tsamowa.

Malam Abu Ammar (Zariya):
Na karanta duka. Tambayata ita ce, ina fa'idar? Basarke abincinsa yake nema, yana da uzuri. Amma mutum ya kwashi kuɗi ya tafi wata ƙasa, ya shiga wurin da ba a halicce shi don ya rayu a ciki ba, ku da kanku kuna lissafa hanyoyin da zai iya mutuwa, duk don kallon kifi? Allah ya ce kada mu jefa kanmu da hannuwanmu zuwa ga halaka. Ina tsoron wannan ya shiga ciki.

Baban Hanif (Alƙahira):
Allah ya gafarta Malam, tambayar a kan hanya take. Hukunci naku ne, ni dai zan faɗi abin da na gani. Haɗurran da Dakta ta lissafa duk sanannu ne, kowanne da rigakafinsa, kuma wanda ya tsaya a iyakarsa yana shiga ya fito lafiya shekara da shekaru.

Fa'ida kuwa, a Ras Mohammed akwai wurin da dutsen murjani ke miƙewa tsaye ya gangara cikin shuɗin ruwa har ido ya gaza ganin ƙarshensa. Kana rataye a gefensa, ba ka taka komai ba kuma ba ka faɗuwa, dubban ƙananan kifaye masu launin ruwan lemo na shiga da fita cikin rassan murjani, ba ka jin komai sai ƙarar numfashinka. Launuka ma canzawa suke yi, ja ne ke fara ɓacewa, har in mutum ya ƙurje yatsa a mita 20 jinin kore-kore yake fitowa. Ban taɓa jin ƙanƙantar kaina da girman Mahalicci kamar a wurin ba. Ga kuma tarihi. Jirgin Ingila Thistlegorm, da jiragen saman Jamus suka nutsar a watan Oktoba 1941, yana nan kwance a zurfin wajen mita 30, babura da manyan motocin soja jere a cikinsa har da tayoyinsu.

Malam Abu Ammar (Zariya):
Na ji. Allah ya hore mana teku, ayar tana cikin Suratun Nahli, kuma tafiya don ganin ayoyinsa abin so ne. Inda zan tsaya shi ne, in galibin zato kuɓuta ce, mutum kuma ya koyi abin a hannun masana ya kiyaye dokokinsa, ban ga hanawa ba. In ya tsallake dokokin don a yaba masa, to ayar farko ta hau kansa. Sai maganar azumi, tunda na ga ɗalibai na shirin hutu. A mazhabarmu ta Malikiyya in ruwa ya wuce maƙogwaro a azumin farilla, ko ba da gangan ba, akwai ramuwa. A bari sai bayan Sallah.

Dakta Maman Amira (Jidda):
Ta fuskar lafiya ma haka ne Malam. Iskar tukunya busasshiya ce, sanyin ruwa kuma na sa yawan fitsari, jikin da ya rasa ruwa ya fi kusa da ciwon kumfar nan.

Kawu na Bur Sudan:
Salamu alaikum 'ya'yana. Ni a Bur Sudan aka haife ni, kakanninmu hanyar Hajji ce ta ajiye su a nan. Na daɗe ina aiki a jiragen da ke kai baƙi nutso, yawancinsu 'yan Italiya, ni ne mai tuƙa ƙaramin kwalekwalen roba da ke ɗauko su in sun fito.

Abin da Allah ya ba mu a wannan gefen na Bahar Maliya, Masar ma ba ta fi mu ba. Daf da tasharmu Umbria na kwance a kan gefensa, jirgin Italiya ne da kyaftin ɗinsa ya nutsar da gangan a watan Yuni 1940 don kada Turawan Ingila su ƙwace shi, har yau bamabamai na jibge a cikinsa da motocin Fiat. A Sha'ab Rumi akwai ragowar gidan da Bafaranshe Jacques Cousteau ya kafa a ƙarƙashin ruwa a 1963, mutanensa suka yi wata guda a ciki a zurfin mita 10. Shi ne ma tare da injiniya Emile Gagnan suka ƙera na'urar shaƙar iskar nan a 1943. Sanganeb kuwa, wani dutsen murjani a tekunmu, UNESCO ta sa shi cikin wuraren gado na duniya a 2016. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu 2023 harkar ta durƙushe, Allah ya kawo mana zaman lafiya.

Ni daga saman ruwa na koyi nawa darasin. Fitowa ba ita ce kuɓuta ba, sai ka shiga jirgi. Kan mutum a teku mai igiya ɗan ƙaramin abu ne, in rana ta haske ruwa ina iya duban inda kake ban gan ka ba kana ta ɗaga hannu, ruwan kuma na jan ka yana nisanta ka da mu. Kowa ya riƙe dogon balan-balan ɗin nan mai launin ruwan lemo da ake hurawa ya tsaya a tsaye a kan ruwa, ya haɗa da usur. Kuma kada ku yarda da jirgin da ba a kiran suna ɗaya bayan ɗaya kafin a tashi.

Kan maganar kara, ɗana Baban Hanif, akwai gefe ɗaya da ba ka taɓo ba, wato kara ga jagora. Jagora ɗan Adam ne, wani yana son ya burge baƙi don tukuici. In ka ga ya sauka ƙasa da iyakar shaidarka, ko ya nufi cikin wani kogo ko cikin jirgin da ba a yi maganarsa a sama ba, ka tsaya inda kake kai da abokin nutsonka, ka yi masa alama. Gejin da ke hannunka naka ne, shi bai san abin da ya rage maka ba. Sannan a riƙe hannu a jiki. Murjani halitta ce mai rai, abin da ka karya da ƙafa sai ya yi shekaru bai dawo ba, wani kuma ƙuna yake yi, ga kifin da ke kama da dutse mai dafi a ƙayar bayansa.

Ummi (ɗaliba, Alƙahira):
Anti Dakta, ni fa abin ya shiga raina, amma ban iya iyo ba ko kaɗan, kuma ina tunanin sutura. Mace za ta iya yi ba tare da ta tozarta kanta ba? Sannan ina jin tsoron ruwa ya shiga gilashin fuskar ina can ƙasa.

Dakta Maman Amira (Jidda):
Ƙanwata, fara da iyo. Kafin a ba ki shaida sai kin yi iyon mita 200 ba tsayawa, ba a duba lokaci, sannan ki tsaya a saman ruwa minti 10 ba ki riƙe komai ba. Ki nemi wurin iyo mai lokacin mata ki koya a tsanake. Sutura kuwa, rigar robar da ake sawa tana rufe jiki daga wuya zuwa idon sawu, akwai hularta mai rufe kai, kuma dama dole ce don ruwa na zuƙe ɗumin jiki fiye da iska nesa ba kusa ba, na Dahab kan sauka wajen digiri 21 ko 22 da hunturu. Tana manne wa jiki, don haka da yawanmu mukan ɗora riga mai ɗan faɗi a kai, wadda ba ta da jela ko igiyar da za ta sarƙe da kaya. Malamai mata suna nan a Masar da nan Jidda, ki ce mace kike so tun kafin ki biya. Mai juna biyu ba ta nutso, wannan babu sassauci.

Gilashi kuma, da gangan za a sa ki cika shi. Malama za ta durƙusar da ke a ruwa mara zurfi, ta ce ki ɗaga gefensa ruwa ya shiga. Ruwan gishiri zai taɓa hancinki, zuciyarki ta ce miki tashi tsaye. Ki zauna. Ki ci gaba da shaƙa ta baki, ki danna saman gilashin a goshi da yatsu biyu, ki ɗan ɗaga kai, ki fitar da iska ta hanci a hankali. Za ki ga ruwan na sauka daga ido zuwa kumatu har ya fice ta ƙasa. In hankalinki bai kwanta ba ki ce a sake, kada ki gyaɗa kai don sauran ɗalibai na jiran ki. Haka kunne. Kina sauka kina toshe hanci kina hurawa a hankali kafin ki ji zafi, in ya ƙi buɗewa ki ɗan hau sama ki sake. In kina mura ki haƙura da ranar, matsa wa kunne na iya fasa dodonsa.

Baban Hanif (Alƙahira):
Maza kuma, gemu ba ya hana komai, gashin baki ne ke sa gilashi yoyo. A rage wanda ke daf da ƙarƙashin hanci.

Ɗan Birni (Kano):
An yi ta magana ba a taɓo tawa ba. Ƙofar Blue Hole fa?

Baban Hanif (Alƙahira):
Ƙanina, da gangan na jinkirta don in amsa maka da natsuwa. Blue Hole rami ne a cikin dutsen murjani a arewacin Dahab, zurfinsa ya kai wajen mita 100. Nutso a bakinsa cikin iyaka ba laifi, kowa na yi. Ƙofar da kake magana, wadda ke ratsawa zuwa buɗaɗɗen teku, samanta yana wajen mita 55, tsawon ratsawar kuma kusan mita 26. Wato mita 15 ƙasa da ƙarshen nutson shaƙatawa, kai kuma ko shaidar mita 18 ba ka karɓa ba. A wannan zurfin kana cin iska fiye da ninki shida na yadda kake ci a sama, tukunya ɗaya 'yan mintuna ce. Ga maye. Daga wajen mita 30 naitirojin na fara juya kan mutum, tunani ya yi nauyi, wani ma ya ji daɗi ya manta da geji. A mita 55 mutum na iya wuce bakin ƙofar bai gan ta ba, ya ci gaba da sauka yana nema. Masu ratsawa lafiya suna da horo na musamman, da tukwane fiye da ɗaya, da iskar da aka gauraya da hiliyom. In ka zo ni zan kai ka ka ga allunan da aka manna a jikin dutse a bakin hanyar wurin. Sunayen waɗanda suka mutu a ciki ne, da yawansu matasa, wasu ma malaman nutso ne.

Ɗan Birni (Kano):
Tsautsayi ai ba ya wuce ranarsa, Yaya.

Malam Abu Ammar (Zariya):
Ɗana, wanda ya koya mana imani da ƙaddara, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Kada ka fake da ƙaddara ka bar mahaifiyarka da jiran gawa daga wata ƙasa.

Alhaji Mai Shadda (Kwari):
Tawa gajeriya ce. Ina zuwa Umra, abokin kasuwancina a Jidda ya ce zai kai ni nutson gwaji tare da malami ranar Alhamis da safe, da yamma mu hau Ɗa'if, Juma'a in kamo jirgin Kano. Da matsala?

Dakta Maman Amira (Jidda):
Akwai, Alhaji. Bayan ka fito akwai sauran naitirojin a jikinka yana fita sannu a hankali, in ka hau inda matsin iska ya ragu sai ya yi kumfa. Ƙa'idar ƙungiyar DAN mai kula da lafiyar masu nutso ita ce aƙalla awa 12 kafin shiga jirgin sama bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso fiye da ɗaya, da yawanmu mukan cika 24. Ɗa'if ce babbar matsalar, tana bisa dutse sama da mita 1,800, kuma a wurin jiki hawa can da mota da hawa jirgi duk ɗaya ne. Ka juya tsarin, Ɗa'if tukuna, nutso daga baya, ka bar yini da kwana kafin jirgi.

Kowa kuma ya san alamomin: ciwon gaɓa musamman kafaɗa ko gwiwar hannu, mutuwar hannu ko ƙafa, jiri, gajiyar da ta wuce ƙima, fata ta yi dabbare-dabbare. Galibi cikin awoyin farko suke fitowa. A nan ma kunya na yi mana ɓarna, mutum ya ce gajiya ce ya sha Panadol ya kwanta don kada ya tayar wa mutane hankali. Ka faɗa nan take, a sa maka oksijin zalla, a kai ka ɗakin matsin iska, inda ake sake matse jiki don kumfar ta narke. Jinkiri na iya barin mutum da nakasa.

Baban Hanif (Alƙahira):
Irin wannan na faruwa a Dahab, ɗalibai su yi nutso da rana, da dare su tafi hawan Dutsen Sina, mita 2,285. A raba ranakun. Ɗakunan matsin iska akwai a Sharm el-Sheikh da Dahab, amma maganin da tsada, a yi inshorar nutso kafin a shiga ruwa.

Ɗan Birni (Kano):
To na ji, na ajiye maganar ƙofa, zan fara da kwas na farko. Anti Dakta, na ga ana cika takardar lafiya kafin a fara. Ni AS ne, ƙanwata SS ce kuma tare muke son zuwa. Ina tunanin in yi shiru kawai kada a hana mu.

Dakta Maman Amira (Jidda):
A'a ƙanina, kada ka yi shiru. Ƙanwarka ba za ta yi nutso da tukunya ba. Sanyi da rashin ruwa a jiki da wahala duk suna tayar da sikila, kuma in ta tashi a ƙasan ruwa ko bayan fitowa, ciwonta da ciwon kumfa kama suke yi, likita zai sha wuyar rabe su. Ta tambayi likitanta ko zai bar ta ta yi iyo a saman ruwa da gilashi da bututun shaƙa, murjanin Dahab daga bakin gaɓa yake farawa, za ta ga abu mai yawa. Kai mai AS galibi ba a hanawa, amma ka faɗa wa likitan nutso ya duba ka ya sa hannu. Haka mai asma, da hawan jini, da ciwon zuciya, da ciwon suga, da farfaɗiya, kowa ya rubuta gaskiya. Ka taho da takardar gwajin jininka daga Kano don kada ka sake biyan kuɗin gwaji a can.